Daga Matamaye Zuwa Kano: Wace Kalmar Ingilishi Ta Dace Da Wace Tafiya?

Wannan sharhi ne domin jama'a masu sauraro na Matamaye da Kance da Ɗan Barto da sauran garuruwan jihar Damagaram, har da waɗanda muryar wannan tasha take riska a tsallaken iyaka.

Sharhin yau ya shafi wani ɓangare na koyon harshen Ingilishi wanda ake yi wa kallon ƙaramin abu, alhali kuwa yana kayar da ɗalibai a jarrabawa, yana kuma sa 'yan kasuwa da masu tafinta faɗin abin da ba shi suke nufi ba, wato zaɓen kalmar da ta dace a duk lokacin da ake maganar tafiya. Abin da sharhin yake son tabbatarwa guda ɗaya ne, kuma masu sauraro za su ji an yi ta nanata shi: Bahaushen da ke koyon Ingilishi ya fi saurin gane kalmomin tafiya idan ya auna su da Hausarsa kai tsaye, maimakon ya fara ratsawa da su ta cikin Faransanci.

Da farko, ya kamata a faɗi dalilin da ya sa wannan magana ta shafi mutanen Matamaye fiye da na wurare da yawa a Nijar. Garin yana kan hanyar da ta ɓalle daga babban titin Damagaram a Takeita, ta gangaro kudu ta Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kongolam, ta shiga Daura ta zarce Kano, kuma ta wannan hanya ce raken fadamun Korama da dabbobi da wake suke sauka kudu, kayan masarufi kuma suke hawowa arewa. Duk da cewa ciniki a kasuwar Mai'aduwa ko ta Kwari da Hausa ake yin sa, takardar asibiti da takardar makaranta da allon kan titi da takardun da ake cikewa a ofis a wancan ɓangare da Ingilishi aka rubuta su. Ga shi kuma kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a shekarar 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan yaron da ke lakwal a Matamaye yau harsuna uku ne a gabansa, kuma tambayar da ta dace a yi ita ce, wanne daga cikinsu ne zai zama tsanin hawa zuwa wanne.

To, ina tushen matsalar yake? Tushenta yana cikin tsarin karatun kansa. Ɗalibi yakan shafe shekarun firamare yana karatu da Faransanci, sai ya shiga kwaleji sannan ya haɗu da Ingilishi, saboda haka duk sabuwar kalmar Ingilishi da aka ba shi, fassararta ta Faransanci ake rubuta masa a gefe. A Faransancin yau da kullum kuwa kalma ɗaya ce take ɗauke da kusan kowace irin tafiya, wato “voyage”. Yaro yana ganin ta a jikin motocin safa irin na kamfanin Rimbo, yana ganin ta a ƙofar ofisoshin masu shirya tafiyar Hajji da Umara, yana jin ta a bakin malaminsa idan za a tafi hutu. Da ya buɗe ƙamus ya ga Ingilishi ma yana da wannan kalma, harafi da harafi, sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka ya samu abin da ya sani tun tuni. Masana harshe suna kiran irin waɗannan kalmomi ƙawayen ƙarya, ma'ana kalmomin da suka yi kama da juna a harsuna biyu ta fuskar rubutu amma ma'anarsu ta raba hanya.

A Ingilishi, “voyage” ta ƙuntata ƙwarai. Tana nufin doguwar tafiya a kan teku, sai kuma a zamanin nan aka ara wa tafiyar kumbo a sararin samaniya. Nijar ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, kayan da ake shigo mata da su ma sai an sauke su a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, irin su Kwatano ko Lome, sannan a ɗoro su a manyan motoci. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta cewa mahaifinsa ya yi “voyage” daga Matamaye zuwa Magarya, a kunnen mai jin Ingilishi ya ce ne mahaifin nasa ya shiga jirgin ruwa ya yi makonni a kan teku tsakanin waɗannan garuruwa biyu. Kayan da ke cikin kwantena ne suka yi “voyage” kafin su iso Kwatano; direban da ya ɗauko su zuwa Damagaram wani abu dabam ya yi. Gaskiya ne masu jin Ingilishi sun ari gaisuwar bankwana ta Faransanci mai ɗauke da wannan kalma suna faɗin ta yadda take, amma wannan aron jimla ce sukutum, ba ta sauya ma'anar kalmar a sauran magana ba.

A nan ne maganar take juyowa gida. Bahaushe bai taɓa zama mai kalma ɗaya ta tafiya ba, domin al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana kai-da-kawowa tsakanin Kano da Gwanja neman goro, tana kuma tarbar ayarin gishiri daga Bilma, dole ne bakinta ya cika da sunayen tafiye-tafiye. Akwai tafiya, wadda ita ce uwa. Akwai balaguro, wanda mutum yakan yi na ɗan lokaci ya komo gida. Akwai fatauci, wato tafiyar ciniki mai nisa ƙarƙashin jagorancin madugu, ana sauka zango-zango. Akwai rangadi na sarki ko na gwamna, akwai ziyara, akwai ci-rani, akwai ƙaura, akwai hijira, kuma babu wani ɗan shekara goma a Matamaye da zai ce sarkin Kance ya tafi ci-rani alhali rangadi ya fita. Har a fannin addini an horar da kunnen mutane a kan wannan bambanci, domin a mazhabar Malikiyya ba kowace fita ce take halatta sallar kasaru ba, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Sai tafiyar ta kai wani nisa sananne, kuma da zarar matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu a inda ya sauka, hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa. Nisa, da niyya, da tsawon zama, da batun komowa, su ne ma'aunan da malamin zaure yake amfani da su, kuma su ɗin ne dai ma'aunan da Ingilishi yake rarrabe kalmominsa da su. Shi ya sa aka ce tun farko, a auna da Hausa.

Sai a ɗauki kalmar “travel”, wadda ta fi kowace yawa a bakin ɗalibai. Mafi yawan aikinta aikatau ce, wato kalmar da ke nuna aikin da aka yi, daidai da a ce mutum ya yi tafiya ko yana tafiye-tafiye. Idan kuwa ta zo a matsayin suna, to tana nufin tafiya a dunƙule, ba wata tafiya guda da aka yi ranar kaza ba. Karin maganar nan da ke cewa tafiya mabuɗin ilimi ce ya isa misali, domin ba tafiyar Kano ta makon jiya ake nufi ba, ana nufin ɗabi'ar fita a ga duniya, kuma wannan ita ce “travel”. Saboda haka ba a ƙirga ta. Ba a cewa “a travel” kamar yadda ake cewa tafiya guda, kuma wannan kuskure yana yawan faruwa a wurin waɗanda suka taso da Faransanci, domin a Faransanci ana ƙirga “voyage” ɗaya, biyu, uku. Abin sha'awa a tarihin kalmar shi ne asalinta ɗaya da “travail” ta Faransanci, wadda ɗalibi ya sani da ma'anar aiki, a da can kuma tana nufin wahala. Mutanen da suka san tafiyar ƙafa da ta doki ne suka raɗa wa tafiya sunan wahala, kamar yadda shari'a ta sassauta wa matafiyi azumi saboda wannan dalili.

Yanzu sharhin ya iso inda ya fi kamata a tsaya a daɗe, wato bambancin “journey” da “trip”, domin su ne suka fi kusa da juna, su ne kuma ake musanyawa. Kalmar “journey” tana kallon hanyar kanta: tashi daga wuri, da abin da aka tarar a tsakani, da isa. Tsawon sa'o'in da aka yi a mota, da ramukan titi, da tsayawar da aka yi a shingen jandarma da na 'yan duwan, da zafin rana, duk suna cikinta. Ba ruwanta da abin da aka je yi, ba kuma lallai ta haɗa da komowa ba. Ita ma daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066 harshensu ya zama na fada da na shari'a, kuma 'yar'uwar “journée” ce, mai nufin yini. Asalin ma'anarta shi ne nisan da mutum zai iya ci a yini guda, daidai da yadda fatake suke auna hanya da cewa tsakanin gari kaza da gari kaza tafiyar yini ce ko tafiyar kwana uku. A yau ma'anar yinin ta fita daga cikinta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibin da ya fassara ta da “journée” ya faɗa tarko na biyu.

Ita kuwa “trip” tana kallon fitar gaba ɗayanta: zuwa, da zama, da biyan buƙata, da dawowa. Yawanci gajeriya ce, kuma yawanci akwai dalilin da aka fita dominsa, ko ciniki ko aiki ko ganin likita. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce balaguro. Ɗan kasuwar da ya bar Matamaye ranar Litinin, ya sari kaya a Kano, ya kwana biyu ya komo, ya yi “trip” guda ɗaya, amma a cikinta akwai “journey” biyu, ta zuwa da ta dawowa.

Masu sauraro za su lura cewa gaisuwar Hausa ta riga ta raba waɗannan abubuwa biyu ba tare da an shiga aji ba. Idan baƙo ya sauka, ƙura na jikinsa, abin da ake fara ce masa shi ne sannu da hanya, ya hanya, ya gajiya. Wannan tambaya ce a kan “journey”. Bayan ya sha ruwa ya huta, sai a shiga tambayarsa yadda ya baro mutanen can, da yadda kasuwa ta kasance, da ko an dace da abin da aka je nema. Wannan kuma tambaya ce a kan “trip”. Malamin da ya tuna wa ɗalibansa wannan tsari na gaisuwar gidansu ya gama rabin darasinsa, domin bai ɗora musu sabon tunani ba, suna kawai ya ba abin da suka riga suka sani. Haka nan addu'ar Allah ya kiyaye hanya ita ce ta yi daidai da “safe journey” da ake yawan ji a tashoshin motar Najeriya, ko da yake mutanen Amurka sun fi sabawa da amfani da “trip” a irin wannan bankwana. A sake nanatawa, a auna da Hausa, ma'anar za ta fito.

Akwai wani ɗan wannan yanki da rayuwarsa ta tara dukkan waɗannan kalmomi, kuma ya cancanci a riƙa ambaton sa a makarantun Damagaram fiye da yadda ake yi. Sunansa Dorugu, an haife shi wajejen shekarar 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, aka kama shi bawa yana yaro aka kai shi Kukawa ta ƙasar Barno, inda wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg sai ya koma hidimar Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, ya bi shi har Tambutu, sannan suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus a shekarar 1855. Wannan ratsa hamada a kan raƙuma, daga rijiya zuwa rijiya, ita ce “journey” a cikakkiyar ma'anarta. Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Rum zuwa Faransa, kuma a nan ne kalmar “voyage” ta samu wurin zama a labarin. A Ingila wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön ya rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885, shi kuwa Dorugu ya komo ƙasar Hausa ya rasu a Kano a 1912. Littafin da Barth ya wallafa da Ingilishi a kan shekarun da ya yi a nan ya fara sunansa da kalmar “Travels”, da harafin jam'i a ƙarshe, kuma wannan shi ne wurin da Ingilishi yake yarda a jam'anta kalmar, idan ana nufin tarin yawace-yawacen mutum na tsawon lokaci a ƙasashe daban-daban, abin da Hausa take kira tafiye-tafiye.

Sauran kalmomin ba su da wuyar sha'ani, za a wuce su da sauri. “Tour” ita ce rangadi, ko zagayen da ɗan yawon buɗe ido yake yi daga wuri zuwa wuri kafin ya koma inda ya taso. “Pilgrimage” tafiyar ibada ce kamar aikin Hajji. Ita kuwa “safari”, wadda Ingilishi ya aro daga Sawahili yake nufin fita kallon namun daji da ita, tushenta na Larabci ɗaya ne da na safara ta Hausa.

Daga nan sharhin zai shiga wani ɓangare mai nauyi, domin a gundumar Kance sunan da ake ba tafiya ba maganar jarrabawa ce kaɗai ba. A watan Oktoba na shekarar 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace, kuma da yawa daga cikinsu 'yan wannan yanki ne. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku, Allah ya jiƙansu da rahama. Tun daga lokacin sunan Kance ya shiga rahotannin ƙungiyoyin duniya da ake rubutawa da Faransanci da Ingilishi, kuma kowane rahoto sai ya zaɓi sunan da zai kira waɗanda suka bi wannan hanya. Mai tafiya don ya je ya dawo “traveller” ne, wato matafiyi. Wanda ya bar gida neman abin rufin asiri a wata ƙasa “migrant” ne, kuma ɗan ci-rani, wanda ke fita bayan girbi ya komo da faɗuwar damina, yana cikin wannan rukuni, sai dai a ƙara kalmar da ke nuna cewa fitarsa ta wani yanayi ce na shekara. Shi kuwa “refugee”, wato ɗan gudun hijira, suna ne na shari'a wanda yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta fayyace, tana nufin wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsoron tsanantawa, kuma ba a yarda a mayar da shi inda ya gudo ba. Mutanen Zamfara da Sakkwato da suka tsere wa 'yan bindiga suka shigo jihar Maraɗi ana ɗaukar su a wannan matsayi. Matar Kance da ta nufi Tamanrasat saboda rumbu ya ƙare ba a ɗaukar ta a cikinsa, duk da cewa wahalarta gaskiya ce.

Wannan bambanci yana da sakamako a rayuwar mutane, domin daga kalmar da aka rubuta a takarda ake sanin wanda za a ba mafaka da wanda za a ɗora a mota a mayar gida. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure, wadda aka soke a ƙarshen 2023, ta nuna haka a fili, domin direban da jiya ake kira mai ɗaukar fasinja daga Agadas zuwa arewa ya wayi gari doka tana kiran sa da wani suna mai kai mutum kurkuku. Matashin Matamaye da ya samu aikin tafinta tsakanin wata uwa da jami'in wata ƙungiya yana riƙe da amana babba. Idan uwar ta ce ci-rani ta je, bai halatta ya mayar da maganarta gudun hijira ba. Idan ta ce an yaudare ta an karɓe mata yara, bai halatta ya sassauta ya kira abin balaguro ba. Wanda ya san bambancin ci-rani da ƙaura da hijira a harshen uwarsa shi ne zai iya riƙe wannan amana.

Mai yiwuwa wani malami ya ce Faransanci ma ba matalauci ba ne, yana da “trajet” da ke kusa da “journey”, yana da “tournée” da ke kusa da rangadi, kuma wannan magana gaskiya ce. Wani kuma ya ce kalmomin Hausa da na Ingilishi ba su hau kan juna daidai wa daida ba, domin tafiya ita kaɗai tana iya zama “travel” a wata jimla ta zama “journey” a wata, har ta zama taka ƙasa da ƙafa a wata, wannan ma gaskiya ne. Sai dai ɗalibin aji shida ko aji biyar na kwaleji bai mallaki waɗannan kalmomi na Faransanci yadda ya mallaki na Hausa ba. Ya haddace su ne, bai rayu da su ba. Idan aka bayyana masa baƙuwar kalma da wata baƙuwar kalmar, an nisanta shi da ma'ana taki biyu. Abin da ake nema a wurin Hausa ba fassarar kalma da kalma ba ne, tambayoyin da take sa mai magana ya yi ne kafin ya buɗe baki: hanyar ake magana ko fitar gaba ɗaya, a ƙasa ne ko a teku, za a dawo ko an tafi ke nan, da son rai aka fita ko an tilasta.

Kalma ta ƙarshe ga masu sauraro. Malaman Ingilishi na kwalejoji da lise-lise na Matamaye da kewaye, a daure a buɗe wa Hausa ƙofa a cikin aji idan aka zo wannan darasi, a bar yara su kawo sunayen tafiya da suke ji a gida kafin a rubuta na Ingilishi a allo. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, idan an ce a rubuta labarin wata tafiya, a tsaya a tantance wace iri ce kafin a ɗora alƙalami. Iyaye da kakanni kuma, ku da kuka san zango da madugu da ci-rani, ku riƙa ba yara labarin hanyoyin da kuka bi da sunayensu na asali. Waɗanda ke shirin kama hanyar Kano ko ta Damagaram a wannan mako, Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku lafiya.